Elspet Hanji da Kunun Dusar Ot

A ƙauyen Kinbrae, can cikin yankin Buchan a ƙasar Turawa, in ka ce Elspet Duguid sai an ɗan tsaya tunani. In ka ce Elspet Hanji kuwa, kowa zai nuna maka gidan, shi ne na ƙarshe kafin gada. Shekara arba'in da biyu ta yi ɗauke da sunan nan. Ba ta taɓa amsa shi ba, ba ta kuma taɓa manta wadda ta jawo mata shi ba.

Tana 'yar shekara goma sha shida aka kai ta aikatau gonar Tillyvar, ita ce mai girki da wanke-wanke. Uwarta ta koya mata aiki tun tana ƙarama, hannunta kuma mai daɗi ne. Uwar gidan, Marjory Gauld, 'yar mai kanti ce daga Aberdeen, aure ne ya kawo ta gona. Mace ce mai tsafta da son a ce ta iya, ba ta kuma son ƙaramar yarinya ta gyara mata zance.

A lokacin kowane gida yana da akwatin gari, ƙaton akwatin katako da yake kaiwa ƙirjin mutum. Da kaka ta yi sai a kai ot, hatsin da suke nomawa mai kama da alkama, wurin mai niƙa, ya gasa shi, ya cire ƙaiƙayi, ya niƙo. A zuba garin a akwati, mutum ya sa wankakkiyar safa ya hau ya yi ta tattakawa har ya yi tauri kamar daɓe, iska ba ta da ta inda za ta shiga. In an yanka saniya a farkon sanyi, sai a wanke hanjin a ɗura masa garin ot da kitse da albasa da gishiri da masoro, a dafa, a rataya ya sha iska, sannan a binne shi cikin garin akwatin. A nan zai yi wata uku, wata huɗu, babu abin da zai same shi.

A kakar 1953 Marjory ta yi faɗa da mai niƙa saboda ya ajiye hatsinsu mako biyu. Ta rantse ba ta ƙara kai masa. Wanta ya aiko mata da buhu uku na irin ot ɗin kanti, wanda inji yake turarawa ya danne shi ya zama falle-falle. Ta ce shi ne na zamani, minti biyar ya nuna, ba ya cin gawayi. Ragowar tsohon gari aka yi ɗuren hanji da shi, sabon kuma aka juye a akwati aka ce Elspet ta hau.

Ta hau ta taka, ta taka. Duk inda ta ɗaga ƙafa sai ya taso ya biyo ta.

"Uwar gida, wannan ba ya dannuwa," in ji ta. "Iska ce fal a ciki. In muka binne hanjin a nan zai lalace."

"Ot dai ot ne," in ji Marjory. "Ke aka ɗauka aiki ko ni? Binne."

Ta binne.

Cikin watan Fabrairu injin casa ya zo Tillyvar, maƙwabta suka taru gayya kamar yadda aka saba, maza goma sha huɗu. Da safe Elspet ta tono hanjin, ta ga ya yi furfura a jiki, kitsen kuma yana wani wari. Ta kai wa uwar gida. Marjory ta shinshina, ta dubi agogo, ta ce a kankare a soya da albasa mai yawa, maza masu yunwa ba sa tambaya. Aka soya, aka ci da dankali, har da masu ƙari.

Kafin la'asar injin casa ya tsaya, don babu mai ba shi dami. Maza goma sha ɗaya suna bayan tarin ciyawa suna riƙe da ciki. Wani dattijo sai da aka kira masa likita, ya yi mako uku a kwance.

Washegari da Elspet ta shiga ɗakin ajiya ta tarar an kwashe falle-fallen nan an watsa wa kaji, an aro gari a maƙwabta an zuba. Duk matar da ta zo jaje, Marjory ta kai ta ta nuna mata akwati, ta ce ga shi nan lafiya lau, yarinyar ce ba ta wanke hanjin ba, ƙazama ce, ita kuma ta yi sakaci da ba ta tsaya a kanta ba. Elspet ta faɗi nata. Amma 'yar aiki ce mai shekara goma sha bakwai, ɗayar kuma matar mai gona ce mai kujera a sahun gaba a coci. A ranar aka ɗaura mata akwatinta a keke. Kafin ta kai gida sunan ya riga ta isa.

Babu gidan da ya ƙara ɗaukarta girki. Ta tafi Peterhead ta yi shekara shida tana feɗe kifi a bakin teku, yatsu a naɗe da tsumma saboda gishiri. Uwarta ta rasu a cikin shekarun nan, kuma har ta rasu ba ta ƙara zuwa taron matan coci ba. Wannan ma Elspet ta ɗora shi a kan Marjory.

Da ta dawo ta auri Wattie Duguid, ma'aikacin gidan niƙa, mutum mai shiru wanda gira da gashin bakinsa kullum fari ne da gari. Shi kaɗai ne ya yarda da ita tun farko, don ya san ba a niƙa hatsin Tillyvar ba a waccan shekarar. Ya faɗa, aka ce ai so ne yake magana.

A gidan niƙan nan ta san ot kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Ido a rufe, in ta murza a yatsa za ta gaya maka tsaki ne, ko ɓarzajje, ko matsakaici, ko lallausa, har ta gaya maka ko wutar gashin ta yi yawa. Mata sukan zo sayen gari su tsaya tambayarta. Wadda ba ta sami matsakaici ba, sai ta ce ta haɗa lallausa biyu da tsaki ɗaya, gurasar za ta kama kuma za ta yi ƙaras-ƙaras. Wadda take son faten tsaki, ta ce ta jiƙa tun jiya, in ba haka ba mijinta zai yi ta tauna har rana ta fito. Wadda ba ta da komai sai falle-falle na kanti, ta ce ya yi fate, ya yi shafa wa kifi in an ɗan daka shi, amma in an ce kofi ɗaya na gari to ta zuba kusan biyu, don iska ce rabinsa. A ɗuren hanji kuwa kada ta kuskura, yauƙi zai yi ya fasa fatar. Su yi godiya, su je su gwada, su dawo su ce wallahi haka ne.

Suna karɓar maganarta, ba sa karɓar abincinta. In ana shayin coci, ita ake ba jeran kujeru da wanke kofuna. Duk bikin kaka sai ta kai farantin gurasar ot, ta ajiye a tsakiyar tebur, duk shekara kuma haka take dawowa da shi ba a taɓa ba. Wattie ne yake cinyewa, mako guda yana fama. Yakan ce mata ta bari mana, ta huta. Ta ce ba za ta bari ba, tana so duk wadda ta miƙa hannu ta kauce wa farantin nan ta san ana kallonta.

Akwai kuma abin da take yi duk watan Fabrairu. Takan sayi ƙaramin kwalin falle-falle, ta ƙulla cikin hannu ɗaya a takarda, ta taka mil biyu zuwa Tillyvar da rana tsaka, ta ɗora a kan ginshiƙin ƙofar gona ta juyo. Ba wasiƙa, ba magana. Mutanen gonar sun ɗauka taɓin hankali ne. Marjory kaɗai ta san karatun, ita take fitowa da kanta ta ɗauke kafin wani ya gani. In sun haɗu a coci Elspet takan zauna a kujerar da ke daidai bayanta, ta yi waƙa da ƙarfi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Gidan niƙa ya rufe, Wattie ya rasu, ba su sami haihuwa ba. Akwatunan gari suka koma wurin ajiye barguna. Wani tsohon abokin Wattie da yake aiki a wani gidan niƙa mai nisa shi yake aiko mata da gari duk shekara, da buhun dusa, wato ɓawon ciki na ot wanda ɗan gari yake manne a jikinsa. Da dusar nan take yin kunun tsami. A jiƙa ta a randa har ta yi tsami, a tace, a bar gasarar ta kwanta, a dama da gishiri. A da kowane gida ana yi. Zuwa lokacin nan, a duk Kinbrae ita kaɗai ta rage.

A watan Janairun 1996 wata mota ta tsaya a ƙofarta. Ranald Gauld ne, ɗan Marjory, wanda yake riƙe da gonar yanzu, ya yi furfura shi ma. Ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa yana juya ta. Ya ce mahaifiyarsa tana kwance, ciwon ciki ne da likitoci suka sallama, komai ta ci sai ya dawo. Kullum maganarta ɗaya, kunun dusa. Ta ce lokacin da ta haife shi ta yi jinya, kunun nan kaɗai ne ya zauna mata a ciki. Matarsa ta gwada da falle-falle, ya ruɓe bai yi tsami ba. Ta gwada da lallausan gari, ya fito kamar abin liƙa takarda, tsohuwar ta tofar.

"Ai ba zai yi ba," in ji Elspet. "Falle-falle an turara shi, matacce ne. Tsamin a jikin dusa yake. Ta gaya maka wa ya dama mata wancan kunun?"

"Ta ce wata yarinya ce."

"Wata yarinya. Ni na wanke maka tsumma kana jariri, Ranald, wata takwas. Ba ka mutu da ƙazantata ba."

"Misis Duguid, ni ban san abin da ya haɗa ku ba. Tsohuwa ce, kwanakinta kaɗan ne."

"Tawa uwar ma tsohuwa ce."

Ta gaya masa sharaɗinta, a tsaye, ba ta ce ya shigo ba. A cikin maza goma sha huɗu na ranar casa mutum biyu suka rage, Ecky Pirie da Dod Cheyne. A kawo su, a kawo Teenie Mair shugabar matan coci, Marjory ta faɗa da bakinta abin da aka zuba a akwatin gari, da wanda ya ce a kankare a soya. In ta faɗa, za ta sha kunu.

Da motar ta tafi, Elspet ta buɗe randarta. Akwai ragowar gasara a ƙasa, wadda za ta yi kwano huɗu ko biyar. Ta tsaya tana kallonta. Ta san halin kanta, in Ranald ya dawo yana hawaye za ta iya ba shi. Sai ta dama duka, ta sha kwano biyu a ranar, sauran ta ƙarasa washegari. Ta wanke randar ta kife. Buhun dusa yana jingine a bayan ƙofa, ba ta kwance bakinsa ba.

Ranald ya dawo bayan kwana biyu ya ce uwarsa ta ce gara ta mutu da yunwa. Elspet ta ce to, zaɓi nata ne. Fasto ya zo ya yi mata maganar yafiya, ta ba shi shayi da gurasa, ya sha shayin, gurasar kuma ya ce bai daɗe da cin abinci ba. Ta dube shi, ta dubi farantin, shi kuwa bai ƙara maganar yafiya ba. Matar Ranald ta aiko a sayar mata da dusar kawai, ita za ta yi da kanta. Elspet ta ce ba ta sayarwa.

Kwana goma sha shida Marjory ta yi tana riƙe da bakinta. A na goma sha bakwai Ranald ya zo da mota bayan azahar.

Rabon Elspet da shiga gidan Tillyvar tun ranar da aka ɗaura mata akwati. An sauko da gadon Marjory zuwa ɗakin ƙasa. Ecky da Dod suna zaune da sandunansu, sun sa rigunan zuwa coci, Teenie tana tsaye jikin taga. Marjory ta ƙare, sai idanu, amma an taje mata gashi an ɗaure, ita ta ce a yi.

"Kin tsufa, Elspet," in ji ta.

"Na samu lokaci, uwar gida. Jira nake yi."

Marjory ta juya fuska wajen bango ta yi maganar a gurguje, kamar mai haɗiye magani. Ta ce ot ɗin kanti ne a akwatin, ita ta sa aka zuba. Elspet ta ce saura. Marjory ta ce yarinyar ta gaya mata ba ya dannuwa. Elspet ta ce saura. Marjory ta ce da safen ta shinshina ta ji wari, ta ce a soya haka nan, don maza suna cikin gona kuma babu wani abin ba su. Daga baya ta watsa wa kaji.

"Hanjin fa?" in ji Elspet.

"A wanke yake. Sau uku kika wanke, da gishiri. Ina tsaye."

Dod kurma ne, sai da Teenie ta maimaita masa a kunne da ƙarfi, don haka aka ji maganar sau biyu a ɗakin. Ecky ya daɗe yana kaɗa kai.

"Marjory, Marjory," in ji shi. "Wandona na aure na sa ranar nan. Binne shi na yi a bayan rumbunku."

Babu wanda ya yi dariya sai Dod, shi ma a makare. Teenie ta yi ja har wuya, ta kasa duban Elspet.

Marjory ta juyo. "To na faɗa. Ina kunun?"

"Yau zan jiƙa."

Ranald ya ce me take nufi da yau. Ta ce abin da ya ji. Dusa ba ta tsami a kwana ɗaya. Da rani mako guda ne, a sanyin nan kuwa kwana goma sha biyu, sannan a tace a bar shi ya kwanta kwana ɗaya. Ya ce ai tun zuwansa na farko da ta jiƙa da yanzu ya yi. Ta ce haka ne.

Marjory ta san lissafin tun kafin a gama shi, ta zauna a gona shekara arba'in da biyar. Ta rufe ido.

"Kullum ke mai taurin kai ce," in ji ta.

"A gidan nan na koya."

Ba ta yi ha'inci a aikin ba. A yammacin ta kwance buhu, ta zuba dusa a randa, ta kwara ruwa mai ɗumi-ɗumi, ta rufe da tsumma. Kullum da safe ta juya da muciya ta ɗanɗana a yatsa. Kullum kuma Ranald ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ta matsa da randar jikin murhu. Ta ce zafi ruɓar da shi zai yi, kuma gaskiya ta faɗa. Ya ce ta tace haka nan ko bai gama ba. Ta ce in ya ga dama ta tace masa, amma ruwan dusa ne kawai, uwarsa za ta tofar. Ran kwana na bakwai ya karɓa a kwalba ya tafi da shi. Marjory ta tofar.

Ran kwana na tara da hantsi Marjory ta rasu. Teenie ce ta zo ta faɗa mata. Elspet tana juya randa, ba ta daina ba. Ta ce Allah ya ji ƙanta, ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta ce saura kwana uku.

Teenie ta daɗe tsaye tana gyara maɓallin rigarta. Can ta ce matan coci ne za su yi shayin jana'iza, kuma sun yi magana a tsakaninsu, ko Elspet za ta yi musu gurasar ot. Elspet ta tambaya ko kujerun sun sami mai jerawa. Teenie ta ce don Allah ta bari. Elspet ta ce za ta yi, amma da nata garin, kuma ita za ta ɗora a tebur da hannunta.

Ta yi guda sittin, matsakaicin gari da ɗan tsaki da kitsen saniya, ta gasa a faifan ƙarfe ta busar a gaban wuta. A zauren coci bayan an dawo daga maƙabarta ta ajiye su, ta koma ta zauna inda take ganin teburin duka. Labarin abin da Marjory ta faɗa ya riga ya zaga Kinbrae, haka ma labarin randar. Wasu suna cewa an zalunce ta, wasu suna cewa ko ma mene ne, ba a yi wa mai mutuwa haka. Mutane suka yi ta zagaya teburin da kofunansu.

Ecky ne ya fara. Ya dogara sanda ya je ya ɗauki ɗaya, ya shafa man shanu, ya tauna a hankali da haƙoran da suka rage masa, kowa yana kallo.

"In kun neme ni kun rasa, ku duba bayan coci," in ji shi, ya ɗauki ta biyu.

Daga nan aka yi ta miƙa hannu. Fasto ya ci biyu. Teenie ta tambaye ta ko tsakin nawa take sawa, ta gaya mata.

Ranald bai ci ba, shi da matarsa, kuma har yau in ya gan ta a hanya sai ya juya kai. Wannan ba ta riƙe shi ba, ta ce uwarsa ce. Amma ban da su akwai mata uku da suka zo teburin, suka ɗauki kek, hannunsu ya kauce wa gurasar. Elspet ta gan su sarai. Washegari ta tace kununta, ta bar shi ya kwana ya kwanta, ta dama ta sha da madara mai sanyi, ya yi tsami daidai. Matan nan uku kuwa, har yanzu in sun zo tambayar wane gari za su sa a madadin wane, sai ta ce musu ta tsufa, ta manta.